Hoto na Tara da Dunƙulen Sukari

Tarudant, 18 ga Oktoba, 1999

Zuwa ga Yaya Zaina,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya kafaɗar? Kin ce tun da aka mayar da ke ɓangaren guga a wankin asibitin take damunki. Ki riƙa shafa man zaitun da ɗumi, kada ki ce ba lokaci. Mu nan lafiya ƙalau. Matata Fadma tana gaishe ki, tarin ɗanmu Yunus ya tafi, aikina a gandun dashen lemo yana nan yadda kika san shi.

Yawon duwatsun da na shekara biyu ina faɗa miki, na yi shi. Ni da Lahsan mai aski, kowa a kan babur ɗinsa, kwana bakwai, kilomita ɗari bakwai da casa'in. Fim ɗin ya ɗauki hoto talatin da shida, biyar sun ƙone, na zaɓo miki goma sha biyu. Na sa lamba a bayan kowanne, da wuri da lokaci. Don Allah ki kalle su a jere, kada yara su hargitsa.

Na ɗaya, mu ne a ƙofar gida kafin tashi. Abin da kike gani ɗaure a bayan Lahsan tukunyar tajin ce, ta ƙasar nan mai dogon murfi da muke dafa nama a ciki. Na ce masa ta yi nauyi, ya ce shi ba zai hau dutse ya ci kifin gwangwani kamar soja ba. Daga baya na gode masa, amma a zuci.

Na biyu zuwa na biyar, hawan mashigar dutsen Tizi n Test ne. Na yi niyyar ƙirga kwanonin hanyar, na kai ɗari da arba'in da wani abu, sai ga wata babbar mota ta sauko da awaki a kan rufinta, na manne da jikin dutse, lissafin ya ɓace. Da muka isa sama na gaya wa Lahsan, ya ce, "Malam Agogo, mu koma ƙasa ka faro daga ɗaya mana, ni ina nan ina soya ƙwai." Haka yake kirana tun muna makaranta. A na biyar za ki ga duk kwarin Sus a ƙarƙashinmu kamar an shimfiɗa tabarma. Hoton bai kama rabin abin ba. Na tsaya ina kallo har na manta na cire hular kwano.

Na shida zuwa na takwas, gangarowa ce. An baza masara a kan kowane soro tana shan rana, kamar lokacin da muke yara. Na tara, Tamsult.

Na goma, wani alfadari ne kusa da Telwat da ya ƙi ba mu hanya. Mai shi ya ce ba ya matsawa sai an kashe inji, muka kashe, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya wuce a hankali kamar hakimi. Na sha ɗaya, sarkar babur ɗina ce ta fita a Taznaht, ga ni nan hannu duk baƙin mai, matan da ke saƙar darduma suna dariya a bayana. Na ƙarshe, Taliwin, gonakin za'afaran, furen bai buɗe ba tukuna. Mun yi sammakon zuwa da mako biyu. Laifina ne, ni na tsara ranakun.

Ban san ko labarin ya yi daɗin karatu ba. A baki Lahsan ya fi ni iya ba da shi.

Ƙaninki,
Iddar

Sant Etiyen, 1 ga Nuwamba, 1999

Iddar ƙanena,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sanyi ne dai ya fara shigowa. Kafaɗa da sauƙi. Ka gaishe min da Fadma, ka sumbaci kan Yunus.

Hotuna sun iso, kuma ka kwantar da hankalinka, a jere muka kalla. Yara sun kwashe na alfadarin sun kai makaranta. Amma ni na tara ne ya tsayar da ni. Iddar, a tsaye na buɗe ambulan, sai da na nemi kujera. Ga gidan Gwaggo Ijja, ga ƙofar nan shuɗiya, ga itacen ɓauren da ka faɗo daga kai ka fasa haɓa. Har tsanin da muke hawa soro yana nan jingine inda yake.

Allah ya yi maka albarka da ka je. Shekara uku ina ɗauke da wannan abu a ƙirji, tun rasuwar Baba Hummad mijinta, ba ka je ta'aziyya ba, ni kuma ga ni a wata ƙasa. Matar da ta riƙe mu shekara huɗu bayan rasuwar Inna, ta yi mana wanka, ta cire mana ƙwarƙwata. Na daina yi maka maganar ne don na ga kana shiru a kanta. Ashe kana da shirinka. Kai dai kullum sai ka gama abu a hankali kafin ka faɗa.

Amma rowar labari fa? Alfadari ya samu layi huɗu, Gwaggo ta samu kalma ɗaya. Ya gwiwoyinta? Tana gani sosai? Me ta dafa muku? Na san ba za ta yarda a ɗauki fuskarta ba, amma ko hannunta ai ka ɗauko min.

Ranar Lahadi Bihi ɗanta da ke zaune a nan garin ya zo mana cin abincin rana, na nuna masa. Ya riƙe hoton ya daɗe yana kallo, sannan ya roƙe ni na bar masa kwana biyu. Ka san shi da kaset, tunda Gwaggo ba ta karatu. Ya cika mata fuska ɗaya da magana, ya ce mata ya ga gidan a hoton da Iddar ya ɗauka ranar da ya zo gaishe ta, ya ce ya ji daɗi an wanke abin da ke tsakani. Wani ɗan ƙauyensu zai tafi gida jibi, shi zai kai.

Ka rubuto da wuri, kuma wannan karon ka cika takarda.

Yayarka,
Zaina

Sant Etiyen, 6 ga Disamba, 1999

Iddar,

Ina fata kuna lafiya. Mu lafiya.

Mako biyar ke nan ban ga takardarka ba. Da farko na ce gidan waya ne. Sannan na ce ko ka faɗi da babur ɗin nan kuna ɓoye min, har na kwana biyu ban ci abin kirki ba. Yanzu na san dalili.

Kaset ɗin Gwaggo ya dawo jiya. Bihi ya kawo nan, muka saka a ɗakin girki. Ta gaishe da kowa da sunansa, ta ba da labarin saniya da ruwan sama da wanda ya yi aure. Sai can wajen ƙarshe ta ce, kuma zan rubuta maka yadda ta faɗa: "Bihi, ka ce Iddar ya zo gaishe ni. To wataƙila bango ya gaisar. Ka tambaye shi ko bangon ya amsa, don ni dai ban ji ba. Tun da aka binne ubanka ba wanda ya tako ƙofar nan daga gidan ɗan'uwana." Ba ta ɗaga murya ba. Daga nan ta koma maganar saniya.

Bihi ya kashe rediyon, ya ajiye min hoton a kan tebur, ya sa rigarsa ya tafi ko shayi bai sha ba. Na juya bayan hoton, sai yanzu na karanta da kyau: Tamsult, daga ƙetaren kogi, ƙarfe sha ɗaya da kwata. Ka rubuta gaskiya, ni ce ban tsaya na gani ba. Ina zan kawo a raina cewa ɗan gida zai tsaya a bakin gada ya ɗauki ƙofar gwaggonsa hoto kamar Baturen yawon buɗe ido, ya hau babur ya wuce?

Da can tana iya cewa aiki ne ya riƙe ka, hanya ce ta yi nisa. Yanzu ni da hannuna na kai mata shaidar cewa ka zo har bakin ruwa. Wannan ne yake cina.

Ba faɗa nake yi ba. Ka gaya min abin da ya faru kawai. Azumi ya ƙarato, kada mu shige shi da wannan.

Zaina

Tarudant, 17 ga Disamba, 1999

Yaya Zaina,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Muna lafiya, Yunus ya yi azumin rabin yini ya ce ya isa.

Takardunki biyu suna gabana. Ta farko na amsa ta sau huɗu, duk na yaga. Ba ki da laifin komai. Na san za ki ɗauka na shiga, shi ya sa na rubuta kalma ɗaya na wuce. Ban yi ƙarya ba, amma abin da na yi ya fi ƙarya muni, don na bar ki ke ki faɗe ta a madadina.

Kin san ina rubuta abin da ya faru kowace rana a littafi. Na koma na duba. Baba Hummad ya rasu makon da Fadma ta yi ɓarin nan mai wahala. Na rubuta: zan je ranar bakwai. Ban je ba. Na rubuta: zan je ranar arba'in. Ranar ta zo aka kawo dashe dubu uku a gandu. Daga nan abin ya canja. Ba hanya ce ta hana ni ba, tambayar da za ta yi min ce: sai yau? Kowane wata tambayar tana ƙara nauyi. A shekara uku na rubuta "zan je Tamsult" sau goma sha ɗaya.

Gaskiyar yawon nan, don ita na shirya shi. Sauran kilomitocin duk rufi ne, don in ce wa kaina wucewa nake yi na biya. Na sayi dunƙulen sukari irin wanda muke kaiwa gidan ta'aziyya, babba, mai shuɗiyar takarda, na naɗe shi da tawul na sa a jakar gefe. Ga abin da na rubuta a ranar:

"Biyu ga Oktoba. Mun isa gadar Tamsult sha ɗaya saura kwata. Na kashe inji. Hayaƙi na tashi a gidan. Lahsan ya ce, to bismilla, mu tsallaka, cikina ya fara kiran gurasa da zuma. Na ce bari in duba taya. Na duba taya biyun. Ya ce, Malam Agogo, tayar lafiyarta ƙalau, ƙafarka ce ta yi faci. Na ce idan muka shiga ba za ta bar mu mu fita ba sai gobe, tsarin tafiya zai lalace. Ya ce, tsarin wa? Wa ke jiranmu, sarki? Na ɗauki hoto. Na ce za mu biyo a dawowa, alhali na san dawowarmu ta wata hanya ce. Mun tashi sha ɗaya da minti ashirin. Lahsan bai yi min magana ba har garin Asni."

Sukarin ya zaga duwatsun nan duka tare da ni. Da na dawo na ɓoye shi a saman kabad. Shekaranjiya na sauko da shi, na ji yana ƙara a cikin takardar. Gargadar hanya ta farfasa shi. Ban buɗe ba, amma da taɓawa ya kai gida shida ko bakwai.

Dusar ƙanƙara ta rufe Tizi n Test tun ranar Talata. Direbobi sun ce sai an share, wataƙila bayan Sallah. Gwaggo ta haura tamanin, sanyin can kuwa kin san shi. Kullum da safe sai na je tasha na tambayi hanya.

Ina da tambaya, kada ki yi dariya. Ana kai fasasshen sukari ta'aziyya? Ban taɓa ganin an yi ba. Na san sabo ya kamata in saya. Amma wannan ne na saya dominta. Kuma in na je me zan fara cewa? Na rubuta jimloli uku, babu wadda ta yi min.

Ki ba Bihi haƙuri kafin in rubuta masa da kaina.

Iddar

Sant Etiyen, 28 ga Disamba, 1999

Iddar,

Barkanmu da shan ruwa. Lafiya muke.

Na yi dariya, na kuma yi kuka, ka yafe min duka biyun. Shekara arba'in da ɗaya, har yanzu kai ne yaron da yake tsayawa a ƙofar aji don ya makara minti biyu, ya gwammace ya rasa darasin duka.

Ka kai fasasshen. Kada ka sayi wani. Jimlolin nan uku kuma ka bar su a gida. Ka yi sallama, ka sumbaci kanta, ka zauna inda ta nuna maka. Duk abin da ta faɗa ka haɗiye. Idan ta zage ka, ka gode wa Allah, don wanda ta cire daga ranta ba ta zaginsa, shayi kawai take ba shi ta tambaye shi hanya.

Ka tafi da Lahsan. Ka gaya masa na ce idan ka sake duba taya a bakin gadar nan, ya tura ka cikin kogin.

Bihi ya karanta takardarka. Wannan karon ya sha shayi.

Zaina

Tarudant, 19 ga Janairu, 2000

Yaya Zaina,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, da fatan an yi lafiya. Mu ma lafiya, sai mura da na kwaso a dutse.

An buɗe hanya ranar Laraba, muka tashi Alhamis. Zan faɗa miki gaskiya: na sayi sabon sukari duk da haka, na sa a ɗaya jakar. Ƙanƙara tana jibge a gefen hanya har tsayin gwiwa, yatsuna suka mutu a cikin safar hannu. Da muka isa gadar Lahsan bai rage gudu ba, ya bi bayana dab da dab yana danna oda, har muka tsallaka. Kafin in sauka ya zare sabon sukarin daga jakata ya rungume, ya ce, "Wannan ladan rakiya ne. Wuce."

Tana zaune a bakin murhu, an rufa mata bargo a ƙafa. Ta ragu ƙwarai, Yaya, amma idon yana nan. Na yi sallama, na sumbaci kanta, na ce Allah ya jiƙan Baba Hummad, ya ba ki haƙuri. Ta ce, "Amin. Haƙurin ya riga ka isowa." Ta nuna min buzu, na zauna.

Ta dubi Lahsan ta ce, "Kai ne mai jar hula? Kai ka fi shi hankali. Na ga kana ta nuna masa gidan da hannu."

Ashe ta gan mu. Ranar tana kan soro tana juya masara. Ta ce tun kafin in cire hular kwano ta gane ni, don na tsaya na dafa ƙeya da hannun hagu, yadda mahaifinmu yake yi in yana tunanin abin da ba zai aikata ba. Ta sauko tsani da gwiwoyin nan nata, ta ɗora buta, ta fito da kofi uku, ta sa matar maƙwabci ta kama kaza. Tana cikin wanke na'ana'a ta ji inji ya tashi. Ta ce, "Kazar dai an riga an yanka. Ni da maƙwabta muka cinye, muka yi maka addu'a, amma ba zan gaya maka irinta ba."

Na kasa ɗaga kai. Na tura mata sukarin. Tana ɗagawa ta ji ƙarar, ta kwance takardar a kan faranti, gutsattsari suka zube. Tara ne, ba bakwai ba. Ta ce, "Wannan wane yaƙi ya je?" Na ce shi ne na zo da shi wancan karon. Ta ce, "Tafiyar nawa ya yi?" Na ce da ta yau, kilomita ɗari tara da goma. Ban yi niyyar faɗin lambar ba, ita ta fito da kanta.

Sai ta ce, "Daga gadar can zuwa ƙofar nan taku ɗari uku ne. Hummad ya ƙirga, shi ma irinka ne." Lahsan ya shaƙe da dariya har sai da ya fita waje.

Na zaci za ta ture farantin. Sai ta zaɓi gutsure mafi girma ta jefa a buta, ta ce ko ba komai na hutar da ita neman guduma. Ta zuba, ta mayar, ta sake zubawa daga sama, da tazargade maimakon na'ana'a saboda sanyi. Kofi uku na sha. Tsakanin na biyu da na uku ta zage ni sosai, ta haɗa da ke, ta ce kin koyi aika saƙo ba ki koyi aika ƙafarki ba. Na tuna maganarki, na gode wa Allah.

Kwana uku muka yi. Na gyara mata tsani, Lahsan ya aske rabin mazan ƙauyen. Mun je kabarin Baba Hummad, na yi masa addu'a. Gwiwoyin suna damunta, ido ɗaya ya yi hazo, amma tana cin abinci. Ta ce ki zo da rani kafin ɓaure ya ƙare, kuma ba roƙo take yi ba. Ga kaset ɗinta na haɗa, fuska ɗaya taki, ɗaya ta Bihi. Ban saurara ba.

Hoto ɗaya ne kawai a ambulan ɗin nan. Na roƙe ta in ɗauke ta, ta ƙi, kamar yadda kika ce. Amma ranar da za mu tafi ta ce in kawo na'urar hoton, ta tsayar da ni a cikin zaure, ta buɗe ƙofa, ta ce, "Ɗauki can, ka ga abin da na gani." Za ki ga gadar, da hanya, da wani fili a gefen hanya inda ba kowa. Abin da ya shigo ta gefen dama hannunta ne, tana riƙe da ƙofar.

A baya na rubuta: Tamsult, daga cikin gida. Ban sa lokaci ba. Ban duba agogo ba.

Ƙaninki,
Iddar